Akwatin Arvo Ya Tafi a Tsaye

Yayana Arvo Kangas mutum ne da ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar. Shekara bakwai ya ba ni, kuma tun ina 'yar mitsitsiya nake jan bakinsa, ban taɓa samo abin kirki ba. Ni ce mai surutun gidanmu, ni Ilona, har mahaifiyarmu takan ce maganar mutum biyu aka zuba wa mutum ɗaya. Shi kuwa ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa motar share ƙanƙara a hanyoyin da ke bin bakin tafki, bai taɓa jefa ta a rami ba. Amma ba da wannan aka san shi ba. Duk kaka, a ɗakin ƙasa na cocinmu, shi ne yake koya wa yara riƙon bindiga kafin a ba su takardar farauta. Duk wanda ya taɓa harbin barewa a yankin nan, in dai bai haura sittin ba, ta hannun Arvo ya bi.

Jarrabawarsa guda ɗaya ce, kowa ya san ta, kuma duk shekara sai ta kayar da wani. Zai miƙa wa yaro bindiga ya ce, “Riƙe, babu harsashi a ciki.” In yaron ya karɓa bai buɗe ya leƙa ba, shi ke nan, sai baɗi. Ɗan fasto ma haka ya sha. Uban ya zo roƙo, Arvo ya ce masa, “Ni na ce babu. Shi ya gani da idonsa?” Iyakar amsar ke nan, fasto ya ja ɗansa suka tafi.

Akwatin ajiye bindigoginsa ya saye shi ne a shekarar da ɗansa Daryl ya fara rarrafe. Ƙaton akwatin ƙarfe ne kore, ya fi ni tsawo, nauyinsa laba ɗari tara, kamar dai ka ce bijimin sa. Maza shida suka shigo da shi ɗan ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, biyar daga cikinsu yanzu suna maƙabartar coci. Bai ɗaure shi da ƙasa ba. Ya ce ɓarawon da zai iya ɗaukarsa ya cancanci ya tafi da shi. Lambar buɗe shi kuwa, a kansa kawai take. Bai rubuta ba, bai faɗa wa kowa ba, har matarsa Verna. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya ce abin da aka rubuta ana iya karantawa, abin da aka faɗa ana iya maimaitawa, kuma gidan nan akwai yara. Muka yi ta yaba masa a kan wannan shekara da shekaru, har da ni.

Ni da Verna ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba, in faɗi gaskiya. Ba gaba muke yi ba, ciwon baki ne irin na ƙanwar miji da matar yaya. Tana sa karas a cikin burodin namanmu, abin da ko a mafarki uwarmu ba za ta yi ba, ni kuma ban taɓa cin loma ɗaya na yi shiru ba. Takan ce, “Ilona, in bai miki ba, ƙofar da kika shigo tana nan inda kika bar ta.” Ni kuma in ƙara yanki na biyu. Shekara hamsin muna haka.

A watan Janairun da Arvo ya cika saba'in da tara, ɓarin jikin Verna na hagu ya shanye. Ta yi wata biyu a gidan jinya tana koyon riƙe cokali. Da Maris ya kama sai suka ce za su sallame ta ran Juma'a, amma da sharaɗi: ɗaki a ƙasa, kusa da banɗaki, wanda gadon asibiti da keken marasa lafiya za su shiga. Nas za ta zo ran Alhamis ta gani da idonta. In gidan bai yi ba, za a wuce da Verna gidan tsofaffi na can babban gari, tafiyar awa ɗaya da rabi, inda duk mun san ana shiga ne ba a fitowa. Ɗakunan kwanan gidan Arvo duk a sama suke. Falo kuwa sai ka sauka matakala biyu. Ɗaki ɗaya ne tak ya dace, kuma akwatin nan yana zaune a cikinsa ya cinye rabi.

Sai aka tsayar da Asabar. Daryl ya taso daga garin Green Bay inda yake aiki, da amalanken ƙarfe mai taya biyu da ya aro. Maƙwabcinsu Lyle Beaudoin, tsohon mai saran itace ne, ya zo da motarsa mai injin ja da igiyar ƙarfe. Shirin shi ne a kwashe bindigogin, a kwantar da akwatin a kan amalanke, a zurara shi ta matakala zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ni na zo da kofi da burodi mai zaƙi, da bakina.

Na riga su isa. Na tarar da Arvo a tsaye gaban akwatin, yatsunsa a kan abin murɗa lambar, yana juya shi sannu a hankali. Da ya ji motsina sai ya yi maza ya ja hannun rigarsa ya hau goge wurin kamar mai share ƙura.

Na ce, “Ikon Allah! Yaya, matarka tana can kwance, kai kana nan kana shafa amarya? Ka yi mata bankwana da kyau, ƙasa kawai za ta sauka, ba barin gari za ta yi ba.”

Har gobe in na tuna wannan maganar tawa sai in ji kunya ta rufe ni.

Da maza suka iso sai Arvo ya fara jan ƙafa. A sha kofi tukuna. Aka sha. A duba matakala ko za ta ɗauka. Lyle ya sauka ya bubbuga ya ce ko giwa ce za ta sauka lafiya. A sake auna ƙofa. Aka auna sau uku, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Rana ta yi tsaka ba a taɓa akwatin ba.

Daryl ya ce, “Baba, buɗe mu kwashe. Ga barguna na shimfiɗa a kan tebur.”

“Ba yau ba.”

“Ba yau ba kamar yaya? Gobe da yamma zan koma, jibi ina da aiki. Alhamis matar nan za ta zo.”

“Na ce ba yau ba.”

Daryl ɗan shekara hamsin da ɗaya ne, yana da furfura a gemu, amma a gaban ubansa har yanzu muryarsa takan yi rawa. Ranar dai ba ta yi ba. Ya ce, “Wato a bar Mama ta ruɓe a can don kada a taɓa maka ƙarafanka? Faɗa mini kawai in sani. Su ko ita?”

Ni ma na zuba nawa, ai ba a bar ni a baya ba. Na ce masa taurin kan Kangas ya kai ubanmu kabari da ciwon da likita zai iya cirewa, shi ma ga shi ya ɗauko hanya. Arvo yana tsaye, hannayensa a aljihu, yana kallon allon ƙasa. Da ina da hankali da na tuna cewa ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan bai fita farautar Nuwamban da ya wuce ba, karo na farko tun yana ɗan goma sha huɗu. Ya ce gwiwa ce. Muka yarda, alhali muna ganinsa yana faskara itace.

Lyle ba ya son hayaniya. Ya ce, “Malam Arvo, a bar rigimar nan. Ba sai ka buɗe ba. A bar su a ciki, mu kwantar da shi a hankali. In sun ɗan gogi juna, ai ba ƙwai ba ne. Ka dai cire musu harsashi, ko? Kai da ka koya mana.” Ya yi dariya, don a wurinsa tambayar ma wasa ce.

Arvo bai amsa ba, su kuma suka ɗauki shirun a matsayin izini. Suka cusa bakin amalanke a ƙasa, suka ɗaure akwatin da ɗamara biyu. Lyle ya riƙe hannayen amalanken, Daryl ya zagaya gaba ya kafa kafaɗa. “Ɗaya, biyu...” Akwatin ya yi ƙara, gindinsa ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Daga ciki muka ji wani abu ya zame ya bugi ƙarfe, ƙwas.

“A sauke!”

Muryar Arvo ce, irin ta ɗakin ƙasan coci, wadda ban ji ta ba shekara da shekaru. Maza biyu masu furfura suka saki kamar yaran da aka kama. Akwatin ya koma ya zauna, kofunan kicin suka yi ƙara.

“Daryl, matsa daga gabansa.”

Ya matsa. Arvo ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannayensa a gwiwa.

Ya ce, “Na manta lambar.”

Duk muka juyo muka dube shi.

“Tun Oktoba. Na fitar da doguwar bindigata na je bayan gona na gwada saitinta. Na dawo na mayar na rufe. Da safe na zo buɗewa, babu. Kamar an share allo. Kullum sai na gwada.” Ya dubi akwatin. “Kuma ban san ko na cire mata harsashi ba.”

Lyle ya ce, “Haba Malam, kai? Ai ko a cikin barci...”

“Ina ganin hannuna yana buɗe ta yana cirewa. Amma ban sani ba, na ranar nake gani ko na wata shekarar. Ban gani da idona ba, Lyle. Ba zan bar ɗana ya sa ƙirji a gabanta ba.”

Daryl ya durƙusa a gabansa. “Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Wata biyar!”

“Da fari kunya. Da uwarka ta faɗi kuma sai tsoro.” Ya ɗaga kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. “Ba lambar kaɗai ba ce. Ran nan na tsaya a mararrabar kanti, hanyar da na share shekara talatin, ban san ina zan juya ba. In masu gidan jinya suka ji kaina ya fara yoyo, wa zai ba ni Verna?”

Allah sarki. Ashe wata biyar yayana yana tsakanin gaba kura baya sayaki, shi kaɗai, mu kuma muna ta yi masa kirarin taurin kai. Na so in yi magana, karon farko a rayuwata bakin ya ƙi. Na juya na hau wanke kofunan da na riga na wanke, ina kuka.

Lyle ne ya cece mu. Ya cire hularsa, ya sosa ƙeya, ya mayar. Ya ce mai buɗe irin wannan akwati mutum ɗaya ne a duk yankin, kuma ko an kira shi yau sai an yi sati biyu ko uku. Sannan ya zagaya akwatin yana kallon ƙasa.

Ya ce, “To, in ba zai kwanta ba, sai ya tafi a tsaye. Ƙasa dai ba zai sauka ba. Ilona, kabad ɗin kwanonin nan na Verna da ke jikin bangon kicin, kwashe shi.”

“A kicin? Za ta kashe mu.”

“To ta dawo gida ta kashe mu mana.”

Ya tafi gida ya dawo da guntayen bututun ƙarfe guda huɗu, da doguwar sandar ƙarfe, da falankai. Daryl ya ɓamɓare katakon bakin ƙofa don a sami sarari. Lyle ya sauka ƙarƙashin kicin ya kafa ginshiƙai biyu a daidai inda nauyin zai zauna. Aka shimfiɗa falankai. Da sandar suka ɗaga gefe ɗaya kaɗan, iyakar yadda bututu zai shiga, ba ƙari, Arvo yana tsugune yana kallo yana cewa, “Ya isa. Ya isa haka.” Sai aka fara turawa.

Wanda bai taɓa ganin wannan aiki ba zai ce ba a motsi. Akwatin yakan gangara kamar taƙi ɗaya, bututun baya ya fito, a tsaya, a ɗauko shi a kai gaba, a sake turawa. Daryl da Lyle suna gefe da gefe, ba wanda ya jingina kai a samansa, don Arvo ya ce bakunan bindigogin sama suke kallo. Aikin ɗauko bututu kuwa shi ya karɓa. Ya ɗauka daga baya, ya zagayo, ya durƙusa da gwiwoyin nan da ya yi wa ƙarya, ya daidaita shi, ya ce, “Tura.” Ba wanda ya ce masa ya huta. A bakin ƙofa akwatin ya cije, muka yi kusan awa guda a wurin. Lyle yana gumi yana cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Daryl ya ce, “Kai dai tura, tsoho, karin magana ba ta da taya.” Har Arvo sai da ya ɗan murmusa.

Taku bakwai ne daga kusurwar ɗakin zuwa bangon kicin. Awa huɗu muka yi. Da aka zare bututu na ƙarshe, akwatin ya zauna kusa da firiji, kore, ƙato, mummuna, kamar baƙon da ba a gayyata ba. Inda ya tashi kuwa allon ƙasan sabo fil, launin da gidan yake da shi sa'ad da Arvo da Verna suke amarci.

Kafin Daryl ya koma, ni da shi muka ƙulla cewa ran Alhamis ba wanda zai ce wa nas komai. A dawo da Verna tukuna, sauran a gani daga baya. Muka faɗa wa Arvo, ya yi shiru, muka sake ɗaukar shirunsa a matsayin yarda. Ba mu koyi darasi ba.

Nas ɗin ta zo, mace mai fara'a. Ta auna ƙofa, ta duba banɗaki, ta gwada gadon da aka kawo, ta kalli akwatin kicin ta ce ta ga abin da ya fi wannan. Komai ya yi. Tana shirin sa hannu sai ta ce, “Saura magani. Akwai na tsinka jini, in aka ba ta sau biyu bisa kuskure akwai hatsari. Kai za ka riƙa ba ta, ko Baba?”

Na buɗe baki zan ce eh a madadinsa.

Arvo ya ce, “Ba ni ba, 'yata. Ina mantuwa. Ba ƙarama ba.”

Ya faɗa mata duka, har mararrabar kanti. Na ji kamar in shaƙe shi. Matar ta ajiye biro, fara'ar ta ragu. Ta ce ta gode da gaskiyarsa, amma ba za ta iya sallamar mara lafiya zuwa gidan da babu mai kula da ita dare da rana ba.

Ina da gidana a bakin tafki, ɗan ƙarami, mai tsabta, inda ba mai sa mini karas a abinci. Shekara goma sha ɗaya tun rasuwar mijina ina zaune lafiya, ina tashi sa'ad da na ga dama. Ban so ba, kada wani ya ce na so. Amma na dubi yayana, ya zauna ƙyam kamar mai jiran hukunci, sai na ji bakin nan nawa da ba ya shawara da ni ya ce, “Akwai ni. Ɗakin sama babu kowa. Rubuta Ilona.”

Ran Juma'a aka kawo Verna. Ta rame, bakinta ya ɗan karkace, amma idon nan yana nan. Daga shigowa kicin ta tsayar da keken da hannunta mai lafiya.

“Wane mahaukaci ne ya ajiye mini wannan a nan? Ina kwanonina?”

Na ce, “Sannu da zuwa, uwar gida. Lyle ne, je ki same shi.”

“Ke kuma me kike yi da jaka?”

Arvo ya ce mu ba su wuri. Na fita baranda, amma ƙofar gidan nan ba ta taɓa rufuwa da kyau ba, kuma ni ba kurma ba ce. Ya faɗa mata cikin jimla huɗu ko biyar. Ina tsaye a barandar har na fara jin sanyi a ƙafa. Sannan na ji muryarta, a hankali, tana jan kalmomi yadda ciwon ya bar ta.

“To. Ni babu ƙafa, kai babu kai. In aka haɗa mu ai mutum guda ya fito. Tura ni ciki, Arvo, na gaji.”

Mai buɗe akwati ya zo bayan sati uku ya huda ƙofar. Arvo ya fitar da kowa waje, ya ɗauko doguwar bindigar da kansa ya buɗe ta. Babu komai a ciki. Lyle ya ce, “Ka gani? Na faɗa maka!” Arvo ya ce wannan sa'a ce, ba sani ba. A ranar ya sa Daryl ya kwashe su duka ya tafi da su, bai raka su ko bakin mota ba.

Verna ta yi wata goma sha huɗu a wannan ɗakin, a nan kuma ta cika, a gidanta, taga a buɗe. Ni nake ba da magani, ni nake girki, tana daga gado tana aiko mini da gyara. Tura keke kuwa na Arvo ne, bai yarda kowa ya taɓa ba. Kansa ya ci gaba da tafiya kaɗan-kaɗan, wata rana ya kira ni da sunan uwarmu, wata rana ya tambayi ina aka kai motar share ƙanƙara.

Wata safiya cikin hunturun ƙarshe ina yanka albasa, ya turo ta daga teburin cin abinci za su koma ɗaki. A tsakiyar kicin sai ya tsaya. Ƙofofi uku ne a wurin, duk shi ya kafa su da hannunsa. Ya dubi wannan, ya dubi waccan, hannayensa suka ƙanƙame keken. Na ajiye wuƙa zan yi magana, Verna ta harare ni, na rufe bakina. Ba ta waiwaya ta dube shi ba. Ta gyara bargon cinyarta kamar ba abin da ya faru.

Ta ce, “Dama, Arvo.”

Ya juya dama.